Wuƙar Aljihu: Ku Bar Sayen Ƙyalli

Na san tun daga ganin take wasunku sun taɓe baki. "Duk abin da ke damun ƙasa, Malam bai ga abin rubutu ba sai wuƙa?" Allah ya huci zuciyar masu manyan tunani. Ku ne dai ake gani a bakin tasha kuna kokawa da igiyar buhun gero da haƙori, kuna waige-waigen wanda zai ara muku reza. Mutum da rawaninsa, da waya biyu a aljihu, amma sandar rake ta gagare shi sai an kira yaro.

Bari in fara da ku, alhazan Maraɗi, masu cewa "wuƙa dai wuƙa ta". Kasuwanci gadonku ne, ba mai ja da ku. Da yatsa biyu kuke murza shadda ku faɗi ko Getzner ce ko jabu. Amma ranar Litinin ko Juma'a, in kun tsaya gaban ɗan koli, duk wayon nan sai ya tafi hutu. Wadda ta fi ƙyalli, mai ƙota ruwan zinariya da zanen damisa, ita ake ɗauka a kan dala 100. Sati biyu baki ya dakushe, wata guda ƙusa ta kwance. A riƙa sabunta ta kowane wata, a shekara an kashe jikka 6, kuma har yanzu babu wuƙa. Alhaji, wannan lissafin ko yaron shagonka ba zai yarda da shi ba. Sayen nagari mai da kuɗi gida, ku kuka koya mana.

Abin dubawa na farko shi ne ƙarfen, kuma iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda Faransawa ke buga wa "carbone" a jiki. Yana ɗaukar kaifi da wuri, ko a kan dutse aka goga shi sai ya tashi, sai dai ba ya shiri da ruwa: a yanka lemun tsami a mayar aljihu ba a goge ba, gobe a tarar da tsatsa. Akwai kuma farin ƙarfe mai tambarin "inox", wanda tsatsa ba ta cika kama shi ba, amma wasa shi na son ɗan haƙuri. Duhun da baƙin ƙarfe ke yi bayan an yanka albasa ba lalacewa ba ne, har ma yana ɗan kare shi. Jan tsatsa shi ne abin gudu.

Ina jin mutanen Jiratawa suna dariya daga cikin garka: "Mu da lauje a hannu, mi za mu yi da ƴar wuƙa?" Madalla. Sai ku feƙe mangwaro da lauje mu gani. Wanda ke wuni tsakanin zogale da tumatir, hannu a jiƙe tun safe, inox ya dace da shi, mai ƙotar roba ko ta ƙarfe. Ƙotar icce in ta sha ruwa kumbura take, ta riƙe bakin gam, har sai an buga gindinta a kan wani abu mai tauri kafin ta saki.

Sai taubasaina na Tibiri, waɗanda suka ce su maƙeri suka sani, ba ruwansu da wuƙar Nasara. A kan maganar kaifi ba na gardama da Bagobiri, shaidarsa tana nan a kumatu, shida nan, bakwai can. Kuma gaskiyarku ce: wuƙar da maƙeri ya ƙera da ƙarfen sifirin ɗin mota, aka yi mata kube da fatar jar akuyar Maraɗi, ita ce ta layya da fiɗa, babu mai naɗewa da za ta kama ƙafarta. Amma ranka ya daɗe, barho ba ya shiga aljihun kaftani. Wuƙa mai naɗewa rayuwarta na ga ƙusar tsakiya da abin da ke riƙe bakin in an buɗe, aikin da ke son awo daidai wa daida. Ka bar wa maƙeri babbar, ka nemi ƙarama don aikin yau da kullum.

Ga sunaye uku da suka daɗe suna shan wuya a hannun manoma da fatake. Opinel ta Faransa, tun 1890 ake yin ta, ƙotar icce, da zoben ƙarfe a wuya da aka ƙara mata a 1955, wanda ake murzawa ya kulle bakin. Lamba 8 ita ce daidai aljihu, tsawon bakinta santimita 8.5. Douk-Douk, ita ma ta Faransa, daga garin Thiers tun 1929: ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, siririya, ba ta kumbura ba ta tsagewa, shi ya sa ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne ke riƙe ta, saboda haka a kula da yatsa wajen rufewa. Sai Okapi, wadda aka fara yi a Jamus a 1902, aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, mai ɗan zobe a baya da ake ja kafin ta rufe. Duk cikinsu babu mai tsadar da za ta hana barci. Masu son mai almakashi da mabuɗin gwangwani sai su nemi Victorinox ta Suwizalan, su shirya aljihu.

"To Malam, suna ai bugawa ake yi." Yauwa, yanzu kuka yi magana. Jabu ta cika kasuwa, don haka kada ku sayi tambari, ku gwada wuƙar a gaban mai ita. Buɗe ta, ka kama bakin ta baya da yatsa biyu, ka girgiza hagu da dama. In tana rawa, ajiye. Kulle ta, ka danna bayan bakin a hankali, yatsunka nesa da hanyarsa. In ta naɗe, ajiye. Rufe ta, ka shafa ka ji ko tsinin ya ɓuya cikin ƙota, don wadda tsininta ya leƙo ita ke yaga aljihu ta haɗa da cinya. Daga nan ka ɗaga kaifin ga rana: baki mai kaifi ba ya mayar da haske, in ka ga farin layi yana walƙiya, dakusasshe ne. Mai kaya ya ɓata rai don ka nemi guntun igiya ka gwada? Ka yi masa sallama, kasuwa faɗi gare ta.

In an saya kuma sai a riƙe ta da mutunci. Ba sukudireba ba ce, ba a ɓalle murfin gwangwani da tsininta, ba a yanka a kan siminti. A goge bayan aiki, a busa ƙurar hunturu daga mahaɗin, a ɗiga man gyaɗa ɗigo guda. In dutsen wasawa ya yi nisa, kife kofin tangaran ka goga a da'irar gindinsa mara santsi, sannan ka shafa a bayan fata. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, ta zame.

Samari kuma ku saurara: kayan aiki ce, ba ta fitowa wurin gardama, ba ta zuwa kallon kokawa ko gidan biki, kuma mai hawa jirgi ya sa ta cikin babban kaya. Saura ku masu taɓe baki, ku sayi guda ɗaya mai kyau, ku koyi wasa ta, ku bar haƙoranku su huta har ranar cin kilishi.