Fenti mai ƙyalli da ƙurar Ƙonni

Duk wanda zai sayo mota daga Kwatano yanzu, fenti mai ƙyalli yake nema, wanda ake zuba garin alminiyum a ciki, a rufe shi da wani ruwa garai-garai, rana na dukansa yana walƙiya. Madalla. Sai dai ba a yi shawara da hunturu ba.

Wanke ta da safe a Birnin Ƙonni, ka kama hanyar Malbaza, motocin siminti su bula maka ƙura: kafin azahar, mai ruwan azurfa da mai ruwan zuma sun zama 'yan uwa ɗaya. Yaro kuma ya zo da busasshen tsumma wai taimako, ya bar maka zane-zane.

Tashin hankali sai ɗan kabu-kabu ya ƙuje ƙofa. Mai fenti zai rantse ya haɗa launi daidai, kuma a inuwar garejinsa gaskiya ya faɗa. Fito da ita rana: garin alminiyum ya kwanta daban, ƙofa da mota ko gaisawa ba sa yi. Sai ya ce, "Alhaji, ai ƙura za ta sasanta su."

Malam, in Illela da Tawa kake zirga-zirga, sayi fara ka huta.