Madalla da Airbnb, Dillalin da Laifi Ba Ya Hawa Kansa

A cikin dillalan da zamani ya haifa ban ga wanda ya kai Airbnb gwaninta ba. Tun da wasu samari uku, Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk, suka kafa shi a San Francisco a 2008, aikinsa ke nan haɗa mai ɗaki da baƙon da ke neman makwanci, yau a ƙasashe da yankuna fiye da 200. Ba shi ya gina ɗakunan ba, ba ya shara, ba ya wankin zanin gado. Nasa la'ada ce: a tsarin da ya daɗe yana bi, kashi 3 cikin 100 daga mai gida, kusan kashi 14 daga baƙo. In an kwana lafiya, shi ya ƙulla zumuncin, har yana da take tun 2014 wai duk inda ka sauka gidanku ne. In aka wayi gari da ɓarna kuwa, ai shi dandali ne kawai, ya haɗa ku ya koma gefe. Allah ya ƙara basira.

Kakanninmu ba su kai ga wannan ilimi ba. Maigidan da ke saukar da fataken shanu a Sabo ta Ibadan shi ke ba su ɗaki da abinci, shi ke nemo masu saye, kuma in mahauci ya ɗauki sa bashi ya ƙi biya, shi ne a wuya, daga aljihunsa yake cike wa baƙonsa. Wai don ya ci la'ada sai ya ɗauki nauyi. Ka ji ƙauyanci! Da ya yi karatu a Amurka da ya san akwai sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996, wanda ya ce ba a kama mai shafin intanet da laifin abin da wani ya wallafa a shafinsa, da kuma ya ga yadda Airbnb ya rungumi wannan sashe ya maka birninsu na haihuwa, San Francisco, a kotu a 2016.

Gwaninta ba ta bayyana sai ranar gwaji, ranar Airbnb kuwa ta zo a watan Yunin 2011. Wata mata a San Francisco ta ba da hayar gidanta na mako guda ta yi tafiya. Baƙon yana ta aiko mata saƙonni masu daɗi, yana yaba kyan gidan. Ta dawo ta tarar an fasa ɗakin ajiyar da ta kulle, an kwashe fasfonta da katin banki da kyamara da kwamfuta da kayan adon da ta gada wajen kakarta, an ƙona kayanta a murhun ɗumama ɗaki, an barbaɗe gida da garin wanke-wanke. A lokacin, tsarin kamfanin shi ne ba ya bari mai gida ya san cikakken bayanin baƙo sai an biya kuɗi, don kada su haɗa baki a waje la'ada ta kuɓuce. Ita ta ɗauka tun da an hana ta bincike, to akwai mai yi mata. Laifinta ke nan, ta cika yarda. Ta nemi kamfanin a gigice, ta ce sai bayan awa 14 aka waiwaye ta. Wa zai zarge su? Mutane na barci.

Ta rubuta abin da ya same ta a intanet, da suna na aro, don ɓarawon da ya tafi da takardunta ya riga ya san sunanta da gidanta da komai nata. Labari ya bazu a ƙarshen Yuli, daidai makon da kamfanin ya sanar ya samu jarin dala miliyan 112, abin da ya ɗaga darajarsa sama da dala biliyan ɗaya. A nan ne tausayin masu kamfani ya fito fili. Bisa ga abin da ta faɗa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi ya kira ta da kansa, ya nuna damuwa a kan illar da rubutunta zai yi wa bunƙasar kamfani da neman jarinsa, ya roƙe ta ta rufe shafin ko ta taƙaita masu ganinsa, ko kuwa ta ƙara masa wani labari mai daɗi a ƙarshe. Dubi zumunci. Babban mutum, da harkokin miliyoyi a gabansa, ya ajiye komai ya tuna da matar da ba ta iya kwana a gidanta, don ya taimake ta da shawarar yadda za ta gyara labarinta. Masu ƙaunar kamfanin ma ba a bar su a baya ba. Wasu suka ce babu wata mata, ƙirƙirarta aka yi, wasu suka ce masu otal ne suka turo ta. Tun da ta ɓoye sunanta, ai maƙaryaciya ce. Da ta bayyana shi kuma, da an bi ta har ƙofar ɗaki an tantance.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan ke nan. An bar wa wadda aka cuta zaɓi biyu, ta tona kanta a yarda da ita, ko ta tsare kanta a ƙaryata ta, alhali kamfanin da ke riƙe da takardun cinikin ya san gaskiya take faɗa tun ranar farko.

Ranar 1 ga Agusta Chesky ya fito ya nemi gafara, ya amsa cewa sun ɓata lamarin, ya yi alkawarin lamunin dala 50,000 ga masu gidaje da layin waya na dare da rana. A 2012 aka ɗaga lamunin zuwa dala miliyan ɗaya. Wata guda kacal tsakanin ɓarna da ban haƙuri, kuma ba wanda ya tilasta musu in ban da jaridun duniya gaba ɗaya.

Daga nan kamfanin ya koyi darajar sirri, ya riƙe shi hannu bibbiyu. A Yulin 2015 wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 19 ya sauka a wani gida a Madrid. Ya aika wa mahaifiyarsa saƙo cewa an kulle shi a ciki, ana yi masa barazana. Uwa ta kira Airbnb daga Amurka tana neman adireshin gidan. Kamar yadda jaridar New York Times ta ruwaito, ma'aikatan suka ƙi ba ta, suka kuma ƙi kiran 'yan sanda da kansu, suka miƙa mata lambar 'yan sandan Madrid ta kira su, su kuma su tambayi kamfanin adireshin. Yaron ya ce an yi lalata da shi da ƙarfi a daren. Amma a yaba inda ya dace: adireshi bai fita ba. An tsare amana. Da labarin ya shiga jarida aka ce an gyara ƙa'ida, ma'aikaci na iya kiran 'yan sanda in rai na cikin haɗari. Ashe sai an rubuta wannan a takarda kafin a sani.

Ƙarshen shekarar 2015, daren shiga 2016, wata 'yar Ostareliya da ƙawayenta suka kama gida kusa da dandalin Times Square a New York. An ce musu su karɓi makulli a wani kanti na kusa, suka karɓa ba wanda ya nemi shaidar ko su waye. Ta riga ƙawayenta komawa gida, ashe wani mutum da ke da kwafin makullan yana laɓe a ciki da wuƙa. Ya yi mata fyaɗe. Duniya ba ta ji sunan Airbnb a wannan magana ba sai a Yunin 2021, da Olivia Carville ta Bloomberg ta bankaɗo shi, tare da labarin wata runduna ta musamman mai ma'aikata kusan 100 da kamfanin ya tanada don irin wannan rana. Mai kula da rikice-rikicen kamfanin a lokacin, Nick Shapiro, daga hukumar leƙen asiri ta CIA da fadar White House ya fito. A harkar saukar baƙi, wa ya fi ɗan leƙen asiri dacewa?

Rundunar ta yi aiki, ba a musu. An kai matar otal, an ɗauko mahaifiyarta daga Ostareliya a jirgi, an yi tayin biyan kuɗin magani. Bayan shekara biyu aka ba ta dala miliyan 7, bisa sharaɗin ba za ta kai kamfanin ko mai gidan ƙara ba, ba kuma za ta ɗora musu alhaki ba. Rahoton ya ce kamfanin na kashe kusan dala miliyan 50 duk shekara a biyan masu gidaje da baƙi, har da irin wannan sulhu. Airbnb ya ce bai hana kowa ba da labarin abin da ya same shi ba. Gaskiya ne. Tana iya cewa an cuce ta, tana iya faɗar dare da unguwa. Abu ɗaya tak aka saya, kada ta ce wane ne ya kamata ya kula da makullin. Kyauta irin wannan sai 'yan asali.

Ba na ganin laifin matar ko kaɗan, kuma duk wanda ya ga laifinta bai san ciwo ba. Wadda aka yi wa haka tana da haƙƙin a sakaya sunanta har abada, ta karɓi diyya, ta koma ƙasarsu ta yi jinyar ranta ba tare da kyamara a ƙofar gidansu ba. Wannan rufin asiri nata ne, ita ke da ikon ta ɗage shi ko ta bar shi. Amma sunanta daban, makulli a kanti daban. Ana iya ɓoye na farko a yi shelar na biyu. Matar da za ta kama ɗaki a mako mai zuwa ba ta bukatar sanin wace ce aka cuta, tana bukatar ta san cewa makullin da za a miƙa mata wataƙila ya bi ta hannun mutanen da ba wanda ya ƙidaya. Basirar Airbnb ita ce ya ɗinke abubuwan biyu wuri guda, ta yadda duk wanda ya tambayi na biyu sai a ce masa, haba, ba ka tausayin wadda aka cuta? Shekara biyar da rabi aka yi ana tausaya mata haka, a daidai lokacin da kamfanin ke fafatawa da mahukuntan New York a kan halaccin irin waɗannan gidaje, har ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 2020 lami lafiya.

Don kada baƙo ya sha wahalar zirga-zirgar kotu, kamfanin ya sauƙaƙa masa tun daga farko. A cikin dogon sharaɗin da kowa ke latsa amincewa da shi ba tare da ya karanta ba, akwai cewa in rigima ta taso za a je gaban mai sasanci ne a keɓe, inda babu ɗan jarida, babu kundin da jama'a za su buɗe. A Agustan 2021 aka sanar za a cire ƙarar fyaɗe da cin zarafi daga wannan sharaɗi. Wata biyu bayan rahoton Bloomberg. Tabbas dama suna da niyya.

Haka aka yi a Orinda ta Kalifoniya, inda aka harbe mutum 5 a wani gidan haya a daren bikin Halloween na 2019. Cikin kwanaki aka haramta gidajen casu, aka yi alkawarin tantance gidaje miliyan 7. Kamfani ne mai saurin ɗaukar darasi, muddin an kawo masa darasin a makara.

Sai maganar kyamara, inda ƙaunar sirri ta kai maƙura. A 2019 wasu iyali 'yan New Zealand suka gano kyamarar ɓoye tana watsa hotonsu kai tsaye a gidan da suka kama a Cork ta ƙasar Ailan. Da farko kamfanin ya bincika ya ce mai gida bai yi laifi ba, sai da magana ta fita sannan aka cire shi. A Yulin 2024 CNN ta ruwaito cewa wani wakilin kamfanin ya amsa a shaidar shari'a cewa tun daga ƙarshen 2013 an buɗe takardun ƙorafi kusan 35,000 a kan na'urorin leƙe. Kamfanin ya ce ƙorafi ɗaya na iya haifar da takarda fiye da ɗaya, kuma wasu ba su shafi ɗakin kwana ba. To, a raba biyu, a sake rabawa, a kwantar da hankali. Rahoton ya ƙara da cewa ba al'adar kamfanin ba ce ya sanar da 'yan sanda, ko da akwai yara a hoton, amma yakan tuntuɓi mai gidan ya ji ta bakinsa. Masana bincike sun ce wannan na ba mai laifi damar goge shaida. Su ba su san ladabi ba. Ya za a yi ka ji magana a kan mutum ba ka fara sanar da shi ba?

Wanda aka ɗauki hotonsa tsirara a banɗaki, ko hoton 'yarsa tana sauya kaya, ba kuɗin kwana aka sace masa ba, kuma mayar masa da kuɗin kwana ba ya dawo da komai. Hoton yana wani wuri, bai san hannu nawa ya shiga ba, ba zai taɓa sani ba. Irin wannan mutum ne ake miƙa wa takardar sulhu mai sharaɗin yin shiru, da sunan kare mutuncinsa.

Daga 30 ga Afrilun 2024 Airbnb ya haramta kyamara a cikin gida kwata-kwata, shekara 16 bayan kafuwarsa. Doka ce mai kyau, kuma don kada a ce ya cika shisshigi, bai aika kowa ya duba ɗakunan ba. Ya bar wa baƙo wannan girma: in ya iso da dare a gajiye, ya kashe fitila, ya kunna tocilar wayarsa, ya bi agogon bango da na'urar gano hayaƙi da kan caja ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙyallin gilashi. In ya samu, akwai wurin shigar da ƙorafi a manhaja, kuma za a buɗe masa takarda.