Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Lambar Motata

Ranki ya daɗe,

Da fatan kina nan daram inda kusoshi suka riƙe ki, gaba da baya. Na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ke goge miki ƙura kullum da safe. Maganar ce ba ta faɗuwa a gaban yara, su kuwa ba sa rabuwa da kujerar baya.

Shekara bakwai muka yi tare a Kano, ko tarinki ban taɓa ji ba. Haruffanki na farko, FGE, ba wanda suka dama, don kowa ya san Fagge, kowa yana da ɗan uwa a can. Kirarin da ke goshinki, wai Kano cibiyar kasuwanci, ba mai tsayawa ya karanta. Sai da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Legas, muka sauke kaya a Agege, sannan na gane ashe sankira na aura. Ina tuƙi bakina gum, ke kina shela: ga baƙo, ga baƙo! Mota goma za su jero, mai kaki ya bar tara masu lambar Legas, KJA da GGE, su wuce, ni ya ɗaga mini hannu. Ban ga laifinsa ba, ke kika kira shi. Wata rana a ce da ni Alhaji, wata rana Aboki, ya danganta da ko an wanke motar.

Don kada in zalunce ki, na bincika, kuma doka ta wanke ki tas. Lambar da aka yanka a kowace jiha tana aiki a jihohi 36 har da Abuja, ba wanda ya ce mai ƙaura ya saki lambarsa. Ke 'yar tsarin 2011 ce: haruffa uku na ƙaramar hukuma, alƙaluma uku, haruffa biyu, da shuɗin rubutu irin na masu zaman kansu, ba jan 'yan haya ba, ba koren gwamnati ba. Asalinki ba abin kushewa. Fitinar tana wajen danginki da ke cunkushe a aljihun gaban mota: lasisi, takardar lafiyar mota, ta kwastan, inshora, da ta shaidar mallaka, wadda tun 2023 aka ce a riƙa sabunta ta duk shekara a kan naira 1,000. Wato shekara-shekara sai na biya a tabbatar ban wayi gari ɓarawon motata ba.

Da wa'adinsu ya cika a shekarar farko, sai na yi dabarar 'yan gari. Na ɗure su a ambulan, na danƙa wa direban bas ɗin dare, na buga wa ƙanena waya ya tare su a tasha ya kai wa ejan ɗinmu, wanda ofishinsa benci ne a gindin darbejiya. Kwana shida suka dawo, sababbi fil, da ƙunshin kilishi. Har da takardar da ta shaida lafiyarku lau, ke da motar, alhali kuna nesa da shi wajen kilomita 1,000, fitilar birki ta hagu kuma ta mutu tun kafin azumi. Ko bokan da ke duba ta waya yakan tambayi inda ke ciwo. A nan Legas kuwa, tun 2022 sai mota ta je da ƙafarta na'ura ta gwada birki da fitilu kafin a ba ta wannan takarda.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kika tona mini asiri a kan kishiyarki, inshora.

Kin sani, na sani, shekara da shekaru ejan yana haɗo mini wata takarda mai hatimi da ado a gefe, a kan kuɗin da bai kai na kaza ba. Ban taɓa tambayar wane kamfani ba ne, don a wajena inshora laya ce, a ajiye a mota saboda bakin masu kaki. Da hukumar inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ejan bai ƙara mini ko sisi ba, ni kuwa har addu'a na yi masa, na ce mutumin kirki. Sai ga 1 ga Fabrairun 2025, ranar da 'yan sanda suka fara tilasta dokar a faɗin ƙasa. Ba a yi mako biyu ba wani jami'i ya tsayar da mu. Na miƙa masa layata ina taƙama. Ko kallonta bai yi ba. Wayarsa ya ciro, ya danna *565*11#, ya durƙusa ya kwafe ki harafi bayan harafi. Ke aka tambaya, Hajiya, kuma kika amsa cewa ba ki san wata inshora ba. A gaban surukata, da ta zo ganin gida. Har muka isa ba ta ce uffan ba, sai jan carbi da ƙarfi.

Washegari na sayi ta gaske, kuma a karon farko na karanta abin da na saya. Ashe ba don ni aka yi ta ba, don wanda zan buge ne. In na yi wa dukiyar wani ɓarna, za a biya har naira miliyan 3. Ni da ke kuwa, in danfo ya goge mu ya wuce, sai mu je wurin mai bugun fanel da aljihunmu. Mai son a biya tasa motar sai ya yi cikakkiyar inshora, kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, abin da ya sa na haɗiye yawu na ce Allah ya tsare. Na yi sa'a akwai ta takaful, mai bin tsarin Musulunci, don haka ko limamin unguwarmu bai samu abin cewa ba. Kuma ki ji abin kunya: ita kishiyar taki ba ruwanta da jiha, har katin ECOWAS aka haɗa mata, tana iya raka ni Kwatano. Ke kuwa daga Agege zuwa Oshodi sai kin jawo mini tambaya uku.

Maƙwabta sun ba ni shawara in sallame ki, in ɗauro GGE in huta. Na yi dariya, don na tuna a Kano masu kuɗi lambar Abuja suke nema, su liƙa wa motar da ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba, wai ta fi daraja in an tashi sayarwa. Na can suna son a ɗauke su baƙi, ni da nake baƙon ana so in ɓuya.

To, ba zan sake ki ba. Na tuna ranar da muka maƙale a gadar Third Mainland, wani direban babbar mota ya leƙo daga sama ya ce, "Fagge, ina gajiya?" ya taka birki ya ba mu hanya. Na tuna masu albasa na kasuwar Mile 12 da suka gan ki suka ƙara mini gyara. Surutun naki bai tashi a banza duka ba.

Sharaɗina ɗaya: daga yau ba ke ba bas ɗin dare, ba ke ba ejan. Takardunku sun kusa ƙarewa, kuma bana da ƙafarku za ku je a duba ku. Ki faɗa wa fitilar birki ta hagu, ran Litinin da sassafe za mu biya wajen mai gyaran wuta.

Naki har kullum,
Maigidanki, bisa shaidar takardar naira 1,000