Wa Ya Biyo Ka, Alhaji?

Ku da kuka yanke hukunci cewa duk magidancin da ya fita gudu ba a biyo shi ba sai an kai shi wurin malam an yi masa ruƙiyya, saƙonku ya iso. Ya zo ta bakin mai shayi, ya zo ta bakin 'yan zemijan, wato 'yan acaba, har ta bakin Inna mai koko da ƙosai, wadda ta ce in dai bashi ne ya sa nake tsere kullum da asuba, in faɗa mata nawa ne a yi mini karo-karo a unguwa. Na gode, Inna. Ba a bi na ko dala.

Wasu kuma sun ce ai ba banza ba, tunda gidana ba shi da nisa da kasuwar bokayen Akodesewa, laya na ɗaura a ƙugu. To ku je ku zaga kasuwar. Akwai kan biri, akwai busasshiyar hawainiya, akwai ƙoƙon kan kada, Turawa na biyan kuɗi su ɗauki hoto. Amma ku tambayi mai rumfa ko yana da maganin kilomita na 30. A wajajen nan ne sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafa ta daina jin magana, mutum ya fara lissafin zunubansa, alhali da sauran kilomita 12 da 'yan kai a gabansa. Tseren maraton kilomita 42.195 ne. Wanda lissafi ke ba shi wahala ya ɗauka daga nan Lome ne zuwa Aneho, a rage masa kaɗan, kuma ba a cikin tasi ba.

Alhaji mai shagon tayoyi, da kai nake. Kai ne ka ce gudu ba na 'ya'yan mutunci ba ne, Bahaushe da natsuwa aka san shi. Madalla. Ina kakanmu ya samo motar da ta kawo shi bakin teku? Fataken da suka riƙa tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya kafin su ga Salaga, suna kora jakuna, madugu a gaba, da ƙafa suka yi ta. Zangon da muke tinƙaho da shi ma ai masauki ne na mutanen da tafiya ta gajiyar. Yau jikansu ba ya iya zuwa masallacin Juma'a sai a kan babur, in an yi magana ya ce natsuwa ce. Ba na cewa komai game da tumbi, domin na san a wurinku shaidar rufin asiri ce. Sai dai na lura tun ranar da likita ya ɗaura maka abin awon jini a dantse, ya ambaci hawan jini da ciwon suga, aka fara ganinka bayan Isha'i kana zagaya layi da carbi a hannu, wai zikiri kake. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki kawai ta nema a mako, kuma ba ta hana haɗawa da zikiri ba.

Ba zan ce muku abin daɗi ne zalla ba. Iskar Lome jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya bushewa, riga takan manne a jiki kafin ka wuce tashar jiragen ruwa, inda tireloli masu zuwa Nijar da Burkina da Mali ke feso maka hayaƙi a fuska kyauta. Shi ya sa ake fita da an sallame Asuba. Farcen babban yatsa yakan yi baƙi ya faɗi. Wanda bai shafa basilin a hammata da cinyoyi da kan nono ba, zai gane kurensa lokacin da ruwan wanka ya taɓa shi. Yashin bakin teku kuwa mayaudari ne: ka taka ya zame, rabin ƙarfinka ya tafi a banza, masunta na jan taru suna kallonka da tausayi. Amma ku fito ran Asabar ko Lahadi ku gani. Maza da mata, ƙungiya-ƙungiya, suna gudu suna waƙa da tafi har bakin ruwa. In hauka ne, to garin nan ya daɗe da zarewa, mu 'yan Zongo ne kawai muka rage masu hankali, muna zaune a benci.

Mai cewa ba shi da kuɗin takalmi kuma, Abebe Bikila, sojan fadar sarkin Habasha, ya ci zinaren maraton a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya gama a Shikago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, wato kowace kilomita ƙasa da minti 3. Ni a wannan lokacin ina tsakiyar hanya ina neman mai ruwan leda. Ba gasa nake da su ba, da bencin Alhaji nake.

Inda kuka fi yi mini dariya shi ne batun keke. Da na ce akwai keken tsere da ba shi da birki, majalisa ta watse da shewa, wani ya ce in rubuta wasiyya, wani ya ce ƙaryata ta sha ƙarya. Wallahi akwai shi, kuma da gangan aka cire birkin. Filin tserensa zagaye ne mai tsawon mita 250, an gina shi kamar kasko, kwanoninsa a karkace fiye da digiri 40. Giya ɗaya ce, a manne da tayar baya: muddin taya na juyawa feda na juyawa, babu sake ƙafa ka huta kamar yadda yara ke yi a gangara. In ka manta ka tsai da ƙafa, keken zai tuna maka, ya cilla ka sama daga sirdi. Dalilin cire birkin kuwa, mahaya na bin juna ne taya dab da taya. Mutum ɗaya ya matse birki, duk na bayansa sun zube. In za ka rage gudu sai ka danne feda a hankali, ko ka haura saman gangaren.

A Abuja na fara hawa, a filin da aka gina domin Wasannin Afirka na 2003. Wanda ya tsaya a ƙasan kwanar ya ɗaga kai, bango zai gani. Zuciya na ce maka ka bi a sannu, kuma a nan sannu ce ke kayar da mutum, don taya ba ta kama gangaren sai da gudu. Sai ka rufe ido a zuci ka taka, ka ji wani nauyi ya danna ka cikin sirdi, ka fito ta ɗaya gefen kana raye kana dariya kai kaɗai.

Kuma wa ke yi mini wa'azin birki? Mutumin da ke hawa bayan zemijan ba hular kwano, da buhun shinkafa a kan tanki, da yaro a tsakiya, direban na amsa waya yana kutsawa tsakanin tireloli biyu. A filin keke kowa gefe ɗaya yake bi, babu akuya, babu rami, babu mai fitowa daga lungu. Ku auna da kanku.

Filippo Ganna na Italiya ya yi kilomita 56.792 cikin awa ɗaya a irin wannan fili a 2022. Bakin tekun Togo gaba ɗaya, daga iyakar Aflao zuwa Hilakonji, bai wuce haka ba. Kafin ku gama shayi na uku ya ƙare ƙasar. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye 'yar Najeriya da aron keke daga tawagar Jamus ta shiga tseren filin, kuma ta shiga ɗin. Togo ma lambarta ta farko a gasar Olamfik, tagullar Benjamin Boukpeti a Beijin a 2008, da kwale-kwale aka samo ta. Na tabbata da a Akodesewa ya taso, da kun tambaye shi kifin da ya kamo.

Ran Asabar mai zuwa, bayan Asuba, a ƙofar masallaci. Alhaji, a bar babbar riga a gida, wandon da ya wuce gwiwa ya isa, ba wanda ya ce a buɗe al'aura. Kilomita biyu kacal, a hankali, kana iya hira kana tafiya. Na riga na yi magana da wani ɗan zemijan zai biyo mu a baya, kuma ya ce kuɗin dawowa da kai daban, na tumbin daban.