Tsatsa Ba Ta Sallama

Wani Alhaji ne a Kantin Kwari, mai shaguna da yara, yana da tsohuwar Fijo 504 doguwa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Motocin hawansa daban suke. Wannan ta aiki ce, ita ke ɗaukar dilolin atamfa da shadda ta bi hanyar Katsina, ta ratsa Jibiya, har Maraɗi. Abin da ta samo aljihun Alhaji yake shiga, abin da take buƙata kuwa sai an yi ta roƙo.

Wata rana direbanta ya durƙusa a bakin shago ya ce, "Alhaji, allurar zafi tana hawa, ruwan lagireto ya koma ja. A taimaka a ba da kuɗi a wanke shi, a zuba kulan."

Alhaji bai ɗaga kai daga lissafi ba ya ce, "Ruwa ai ruwa ne. Ga 'yan ga-ruwa nan cike da Fagge, nawa jarka take?"

Daga nan direba ya zama ba ya rabuwa da jarka. Ko'ina aka tsaya sai ya ƙara ruwan rijiya. Inda ya ga yoyo ya liƙe da sabulu, murfin lagireto da ya lalace ya ɗaure da tsumma. Ran nan cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, suna dab da Bichi mota ta fara tari, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ta tsaya cak. Da igiya aka jawo ta zuwa wani gareji kusa da Kwarin Gogau, wurin wani tsohon bakanike da kowa ke kira Baba.

Baba ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya ga man ya yi fari ya yi kauri, alamar ruwa ya shige shi. Ya cika lagireto ya sa a tayar, sai kumfa ta riƙa ɓulɓulowa. Ya ce, "Tof gasket ya ƙone." Sannan ya yi wa Alhaji bayani dalla-dalla: gasket ɗin nan sirirn faifai ne tsakanin gangar inji da tof, shi ke hana wuta da ruwa da mai haɗuwa. Gangar baƙin ƙarfe ce, tof kuwa alminiyom, kuma in zafi ya yi yawa alminiyom ya fi saurin buɗewa, sai ya lanƙwashe, gasket ya rasa abin kamawa.

"Amma Alhaji," in ji Baba, "abin da ya kawo zafin yana nan a ciki. Ruwan rijiya ya cinye ƙarfe, tsatsa ta toshe hanyoyin ruwa. In ba a wanke ba, a canza watafam da tiyo da murfi, ko gasket goma na sa, goman za su ƙone."

"Baba, gasket na zo canzawa, ban zo sayen sabuwar mota ba."

Alhaji ya aiki yaro Sabon Gari sayo gasket. Mai kayan gyara ya nuna iri biyu, ya faɗi gaskiyar kowanne, yaro ya buga waya, Alhaji ya ce a ɗauko mai araha. Ya kuma ce a cire tamostat a yar, don ya ji an ce shi ke riƙe zafi. Baba ya ɗaura, yana cewa Allah ya shaida ya faɗa. Da yamma Alhaji ya tara yaransa, ya ce sakacin direba ne ya jawo masa asara, ya karɓe makulli ya sallame shi. Mutumin da ya fara kawo ƙorafi shi ya tafi gida hannu rabbana.

Ba a daɗe ba mota ta sake tafasa a hannun sabon direba. Shi kuwa cikin ruɗewa ya kwarara mata ruwan sanyi tana tsaka da zafi, tof ya tsage. Wannan karon da Alhaji ya zo, Baba bai taɓa sifana ba. Ya sa yaro ya cire tiyon ƙasa, ya tara bokiti. Abin da ya zubo jan taɓo ne mai ɓarɓashin ƙarfe. Ya tura bokitin gaban Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ko dai in yi aikin gaba ɗaya, ko a ja ta zuwa wani wuri."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a yi.

Aka sayo wani tof na Beljiyam a Kofar Ruwa, aka kai wa masu inji suka gwada shi, suka goge fuskarsa ta miƙe sumul. Aka sauke lagireto, mai walda ya buɗe kansa, ya bi siraran bututunsa ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe, fiye da rabinsu a cushe. Aka zuba maganin cin tsatsa a gangar inji, aka riƙa tura ruwa ta gaba da ta baya har ya fito garau. Da aka kwance watafam, fukafukansa duk sun zaizaye, ashe ya daɗe yana juyawa ba ya tura komai. Baba ya kankare fuskar ganga, ya share ramukan ƙusoshi, ya shimfiɗa gasket mai kyau, ya ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo. Ya mayar da tamostat, domin shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a kai. Ya sa sabon murfi, domin matsin da murfi ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Ya juye gurɓataccen mai, ya haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, ya fitar da iskar da ta maƙale. Kuɗin ya ninka abin da direban farko ya roƙa sau da yawa, ban da kwanakin da kaya suka yi a ajiye.

Ranar karɓar mota hadari ya haɗo ta gabas. Alhaji ya dubi sama ya ce, "Allah ya sa kada mu ga irin ta 2022." A daminar shekarar ce ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiya mai yawa, har aka yi ta maganar gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai.

Baba yana goge hannu ya ce, "Amin, Alhaji. Ni dai mota na sani. A mota, ruwa ba ya fushi da kowa. Hanya yake nema, in an toshe wadda aka yi masa, sai ya zaɓi tasa, kuma ba ya tambayar wa ya toshe. Wanda ke kusa yake ci." Ya miƙa makulli ya ƙara da cewa, "Yaron nan da ka sallama, shi kaɗai ya gaya maka gaskiya tun tana da araha."

Alhaji ya karɓa bai ce uffan ba, don ya san abin da ke kwance ƙarƙashin wasu shagunansa.

To, jama'a, labarin ke nan. Duk wanda Allah ya damƙa wa wani abu da mutane ke ci a ƙarƙashinsa, mota ce, ko layin kasuwa, ko kujerar ofis, ko kwalbatin da ke ƙofar gidansa mai gangarawa Jakara, ya duba hanyoyin ruwansa tun hadari bai haɗo ba. Kayan jaje da kwamitin bincike bayan an yi asara ba sa fitar da leda ko ɗaya daga magudana. In na ƙasa da kai ya ce allura tana hawa, ka saurare shi, kada ka kore shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.