Bakano Zai Hau Bagzan

Alhaji Bakano, yaron gidana, ina gajiya? Kar ka amsa tukuna, gajiyar tana can gindin dutse tana jiranka.

Labari ya iso mana Zariya cewa ka shiga sahun masu hawan duwatsu da yawon daji a ƙafa. An ce ka sayo takalmi irin na soja, da jakar goyo, da gorar ruwa mai tiyo, da sandunan ƙarfe har biyu. Biyu! Makiyayi da shanu hamsin ma ɗaya yake riƙewa. An kuma ce ka yi gwaji a Dala, ka ɗora hoto a Facebook kana haki, ka rubuta mita 534 a ƙasa. Ba ka yi ƙarya ba, lissafin Kantin Kwari ka yi mana. Daga matakin teku ake wannan awon, birnin Kano kuwa yana zaune a sama da mita 450. Abin da ƙafarka ta hau bai kai mita ɗari ba, shi ma a kan matakalar siminti da Barbushe bai taɓa sanin ta ba.

Da a nan ka tsaya da na yi shiru. Sai na ji wai Bagzan ka nufa, can ƙasar Azbin, arewa da Agadas, daga nan kuma ka leƙa Tenere. To zauna in karanta maka, tunda karatu namu ne.

Ƙololuwar Bagzan, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, babu inda ya kai ta tsawo a Nijar. Abin da zai ba ka haushi shi ne akwai ƙauyuka a saman tsaunin. Mutane na noman albasa da tafarnuwa da dankali a can, suna sauko da su a kan jakuna ta hanyoyin da kai za ka bi da rarrafe. Ranar da ka isa sama ka ɗaga hannu za a ɗauke ka hoto, wata tsohuwa za ta wuce ka da kaya a ka, ta yi maka sannu. Ka amsa da ladabi.

Sabon takalmin nan ka fara sa shi tun yanzu, ka riƙa zuwa Kurmi da shi, in ba haka ba kafin azahar ta ranar farko ƙafarka ta yi bororo. Ana kama hanya da an sallame asuba, a fake idan rana ta take, a ci gaba da la'asar. Ruwa ana kurɓarsa a kai a kai tun ƙishi bai zo ba. Gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, balle mai tumbi irin naka da gurasa ta gina. Sannan ka ɗauki bargo. Na san ka ɗauka hamada zafi ce kawai, amma daren hunturu a Azbin har ruwa kan daskare, kai kuwa sanyin Janairu na Kano ma rufe shago kake yi sai hantsi. Jagora ɗan ƙasa dole ne, da izinin hukuma, domin hanyoyin yankin ba su da cikakken tsaro a shekarun nan. Kuma don Allah kar ka tsaya taya kuɗin jagora kamar kana sayen shadda. Mutumin da ya san inda rijiya take ba a neman ragi a wurinsa.

Tenere kuwa ka bar wa masu ita. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, ta Fashi. Ayarin gishiri kan tashi da kaka, wajen Oktoba, da gero a kan raƙuma, su dawo da kantu da dabino. Har ciyawar raƙuman ɗauka suke yi, don babu abin kiwo a hanya. Tun safe har dare ba a sauka, a tafe ake dafa shayi, a tafe ake shan furar gero da cuku. Itace guda ɗaya da ya yi suna a duk wannan fili, wani direban babbar mota ya banke shi a 1973, gangar jikinsa na gidan tarihi na Yamai yanzu. Itace ɗaya tal a hamada, mutum ya rasa ta inda zai bi sai ta kansa. An ce direban ba Bakano ba ne, amma duk wanda ya ga tuƙin 'yan adaidaita a Ƙofar Wambai zai so a sake bincike.

Abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Ni ban taɓa jin Bakano ya yi tafiya babu riba ba. Fataken garinku sun taka har Gwanja da jakuna, wata da watanni, don goro. Fagge zangon ayarin Azbinawa ne, kuma turkuɗin da Buzaye ke naɗawa rinin Kura ne. Baturen nan Barth, da ya ratsa Azbin a 1850 ya iso Kano a 1851, ko shi ya fita da littattafai. Waɗannan duk sun san abin da ya fitar da su. Kai kuma an ce wai shan iska za ka. Ban yarda ba. Ina zargin ka ji labarin lemo da rumman na lambunan Timiya na can Azbin ne, kana so ka gano farashi. A buɗe jakar goyon nan, in ba a samu sikeli da atamfa turmi uku ba, ni ba Bazazzagi ba ne.

Saboda haka ga shawarar ubangida. Kafin Bagzan, kafin ka fara mafarkin Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419, ka zo Zariya ranar Asabar mu hau Kufena. Babu matakala, babu mai sayar da ruwan leda a sama. Idan ka kai ƙololuwa ba ka kira sunan Hajiya ba, ni zan biya maka kuɗin mota zuwa Agadas. Idan kuwa ka zauna a tsakiya, sandunan nan biyu sun zama nawa, kuma kai za ka wanke kwanon faten da za a yi maka jinya da shi.