Dala Ba Gashaka Ba Ce

Duk mutumin cikin birni da ya zauna a majalisar ƙofar gida ya tsara kai iyalinsa Gashaka Gumti a dogon hutun makaranta, ni a ganina a karɓe masa mukullin mota a ajiye sai Disamba. Ba ƙiyayya ba ce, hujja gare ni. Mu Kanawa duwatsu biyu muka sani, Dala da Goron Dutse, Dalan ma har matakala aka yi masa, yaro kan hau ya sauko shayi bai huce ba. Da shi muke auna kowane dutse a duniya. Gandun dajin Gashaka Gumti kuwa, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya. Ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a can ƙololuwar Chappal Waddi take, mita 2,419, wadda babu inda ya kai ta tsawo a ƙasar nan. Shi kuma dogon hutu a Agusta yake faɗowa, tsakiyar marka, a yankin da ruwansa ke riga na Kano sauka, ya kuma daɗe bai ɗauke ba.

Majalisa ba ta san da wannan ba, amma ba ta taɓa rasa masani. Akwai wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure Jalingo, shi ne taswira. Zai zana hanya a ƙasa da tsinken tsire: Wudil, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sai ga ka a Serti, kwana uku zuwa da dawowa har da hutawa. A sayo sabon fambel a Ƙofar Ruwa, a cika but da kuloli da dambun nama da buta da tabarma, a ɗauki yara da uwargida, surukuwa ma ta ce ba za a bar ta ba. Shiri ya ƙare ke nan.

Za a ce mini ai mota mai lafiya ba ta tsoron hanya. To a ƙaddara an isa Serti lafiya, an sauka daga kwalta, an kama hanyar ƙasa mai shiga daji, inda ƙoramu ke ratsa hanya ba tare da neman izini ba. Nan ake samun wani kwazazzabo mai jan taɓo, a gindin hawa, wanda Bakano zai duba ya ce bai kai ruwan da ke kwanciya a Jakara ba. Mota ta shiga, ta yi gurnani, ta zauna. Maigida ya fito cikin farar shadda mai sitaci, don ya yi niyyar ɗaukar hoto a kan dutse ya tura wa majalisa. Ya damƙa sitiyari ga babban ɗansa, ya naɗe hannun riga, ya koma baya ya dafa but, ya ce "Taka!" Yaro mai biyayya ya taka har ƙasa. Tayar ba ta motsa gaba ko taku ɗaya ba, amma ta juya, kuma duk abin da ta kwaso a kan mutum ɗaya ta sauke shi. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya duba da kyau. Taɓon bai zo gaba ɗaya ba. Ya fara daga gwiwa, ya hau ƙirji, ya bi aikin wuyan rigar dalla-dalla, ya tarar da bakin a buɗe domin maigida na shirin cewa "Tsaya!", sannan ya tuɓe hular zanna ya ajiye ta a ruwa, ta kama hanyar Binuwai. Yara sun manne da gilashin baya. Uwargida ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, wai tari ne ya sarƙe ta. Surukuwa ta sauke gilashi a hankali ta ce, "Sannu Alhaji. Dama haka ake yawon buɗe idon?" Har yanzu kuma yaron bai ɗaga ƙafa ba, don ba a ce masa ya ɗaga ba.

A irin wannan wuri ba a rasa wani dattijo da sanda a kafaɗa, wanda tun farko yana tsaye yana kallo. Sai ya matso, ya zaga motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, ya nisa. "Alhaji, ka kashe rediyon nan, nauyi yake ƙara mata." Aka kashe. Ya saurara, ya gyaɗa kai alamar an sami ci gaba. "Baba, sai kuma yaya?" Ya dubi sama, ya dubi farar shaddar da ta zama tarihi, ya ce, "Da ka zo da rani, da ka wuce." Ya ƙara da cewa wata mota ta taɓa maƙalewa daidai nan, ita ma fara. Aka tambaye shi yadda aka yi ta fita. Ya ce ai shi ya tafi kafin nan.

Masu musu za su ce da damina dajin ya fi kyau, ko'ina kore shar, tsaunuka sun yi rawani da hazo. Gaskiya ne, sai dai mai taɓo a ido ba ya ganin kore, birai da ɓaunan dajin ma ciyawa ta rufe su. Za a ce yara sai da hutu, na ce akwai hutun Disamba. Za a ce to a tafi Yankari mana, ga kwalta ga ruwan ɗumin Wikki. Madalla, amma Yankari ba tsauni ba ce, saboda haka wanda ya cika baki a majalisa cewa zai hau dutse mafi tsawo a Najeriya ba zai dawo da hoton wanka ya tsira ba.

Wasu kuma za su ce shawarar dattijon nan ba ta da amfanin komai. A nan ne muka fi saɓani da su. Maganar rediyo dai ba ta tura mota ba, amma ba ta cuci kowa ba. A gwada ta da abin da majalisa za ta faɗa idan Allah ya sa waya ta sami sabis: "Ka sa giyar baya ka hau da gudu, haka muke yi a gadar Ƙofar Nassarawa." Cikin duk masu ba da shawarar tafiyar nan, dattijon ne kaɗai ya faɗi abin da masu kula da gandun za su faɗa, wato a zo tsakanin Disamba da Maris, lokacin da ƙoramu suka janye, hanya ta bushe. Laifinsa ɗaya, ba ya zama a Mandawari.